Wales da zari-ruga: koci ne matsalar, ko rijiyar ce ta ƙafe?

Ranar 29 ga Nuwamba 2025 Afirka ta Kudu ta je har Cardiff, babban birnin Wales, ta yi wa Wales ci 73 da nema a wasan zari-ruga, wato rugby. Ba kuskuren rubutu ba ne, 73 da babu, a gidansu, a filin da ke cin mutum kusan dubu 74, kuma ranar ma filin bai cika ba, kujeru birjik babu kowa. Wanda bai saba kallon zari-ruga ba zai ce ai wasan dama maki ake tarawa da yawa, to eh ana tarawa, amma a ce minti 80 ka kasa samun ko bugun fanareti ɗaya mai maki 3, wannan a ƙwallon ƙafa kamar a zura maka tara ne kai kuma ko kwana ba ka samu ba.

Kuma fa ba wata ƙasa ce da ta shigo wasan jiya ba. Su Wales zari-ruga ne abin tinƙahonsu, yadda Brazil take ji da tamaula haka suke ji da shi, ƙauyukan masu haƙar kwal na kudancin ƙasar kusan kowanne da kulob ɗinsa, kaka ya buga uba ya buga ɗa ya buga. A watan Agusta 2019 su ne na ɗaya a duniya a jadawali. Shekara shida kacal tsakani. Shi ya sa musun da ake yi a can yanzu ya wuce musun wasa, mutane ne suke ganin abin da suka gada yana zubewa a gabansu, kowa kuma yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Ni dai a kofin duniya na 2019 da aka yi a Japan na fara kula wasan nan, kuma Wales na ɗauka saboda jajayen riguna da kuma yadda 'yan kallonsu ke rera waƙa kamar a gidan biki, to kun ga na shigo ana cikin daɗi ashe ƙarshensa na tarar.

Ga yadda abin ya faru a gurguje. A kofin duniya na 2023 a Faransa sun yi abin kirki, har Ostireliya suka lallasa 40 da 6, suka ci Jojiya a farkon Oktoba, sai Ajantina ta fitar da su a kwata fainal 29 da 17. Daga wannan ranar aka shiga uku. Shekarar 2024 gaba ɗayanta wasa 11 suka buga, 11 suka sha kashi, rabon da su yi shekara ba su ci wasa ko ɗaya ba tun 1937. A gasar Ƙasashe Shida, wato wadda suke yi duk shekara da Ingila da Faransa da Ayalan da Sikotilan da Italiya, sun zo na ƙarshe a 2024 suka sake zuwa na ƙarshe a 2025, abin da turawa ke yi wa tsiya da cewa ka ɗauki cokalin katako. Faransa ta ba su 43 da nema a Paris, Ingila ta zo Cardiff ta ba su 68 da 14. Sai da suka jera wasa 18 ana dukansu kafin su samu Japan a Kobe a watan Yuli 2025 su ci 31 da 22. Sati ɗaya kafin nan ma Japan ɗin ce ta doke su.

To magoya baya sun rabu, in ka saurare su da kyau kusan gida uku ne, ko da yake mutum ɗaya yana iya kwana a gida ɗaya ya tashi a wani, ya danganta da sakamakon ranar Asabar.

Gida na farko su ne masu cewa koci ne. Kuma lokacin Warren Gatland suna da abin faɗa. Mutumin nan ɗan Niyuzilan ne, ya riƙe Wales daga ƙarshen 2007 zuwa 2019, sau uku yana cinye duka wasannin Ƙasashe Shida, 2008 da 2012 da 2019, ya kai su wasan kusa da ƙarshe na kofin duniya sau biyu, har ƙofa aka sa wa sunansa a filin Cardiff. Da Wayne Pivac ya gaje shi ya ɗauki kofi a 2021 amma a 2022 Italiya da Jojiya suka zo gida suka ci shi, sai aka sallame shi aka je aka sake ɗauko Gatland, wai tsohon hannu. Dawowar ba ta yi kyau ba sam, wasa 26 ya ci 6. Masu suka suna cewa salonsa ya tsufa, na a yi ta karo da buga ƙwallo sama a jira abokin hamayya ya gaji, salon da ya yi aiki lokacin da yake da ƙarti irin su Jamie Roberts da George North, yanzu kuma ba shi da su amma bai canza ba. Sun kuma kama shi da zaɓen 'yan wasa, ya ɗauki Ben Thomas wanda a kulob ɗinsa ɗan tsakiya ne ya sa shi lamba 10, ya bar Gareth Anscombe da Jarrod Evans waɗanda aikinsu ke nan a gida. Wannan suka gaskiya ce, ni ma abin ya ɗaure mini kai. Da Italiya ta ci su 22 da 15 a Roma a Fabrairu 2025 ya ajiye aiki ana tsakiyar gasa.

Sai me? Sai aka ba Matt Sherratt kocin Cardiff riƙon ƙwarya, ya dawo da waɗancan da aka bari, wasansa na farko da Ayalan yaran suka buga kamar an canza musu jini, har sun shiga gaba 18 da 10, filin ya ɗauki sowa, 'yan gida na farko suka ce kun gani ko, dama mun faɗa. An tashi 27 da 18, Ayalan ta ci. Sati uku bayan nan aka yi 68 da 14 ɗin can. Yanzu kuma Steve Tandy ne, ɗan ƙasa, wanda ya ci wa kulob ɗin Ospreys kofi a 2012 ya kuma yi shekaru yana gyara wa Sikotilan tsaron baya, mutumin da sana'arsa hana a ci ka, amma a wasanninsa huɗu na farko Ajantina ta ba shi 52, Niyuzilan ta ba shi 52, Afirka ta Kudu 73, Japan ce kawai ya tsira da ita 24 da 23, ita ma da bugun ƙarshe na Jarrod Evans bayan lokaci ya cika. Koci uku, salo uku, sakamako iri ɗaya. In ka canza guga sau uku ruwa bai zo ba ai sai ka leƙa rijiyar.

Nan ne gida na biyu suke, masu cewa babu 'yan wasa. Ina tare da su amma akwai gyara a maganar, don in ka ce babu 'yan wasa sai wani ya taso maka da Jac Morgan da Tomos Williams da Dewi Lake da Louis Rees-Zammit da Tom Rogers wanda ya dangwala wa Niyuzilan ƙwallo sau uku a wasa ɗaya, ya ce waɗannan fa duwatsu ne? A'a, 'yan wasa ne na gaske. Matsalar ba na farko a kowace riga ba ne, na biyu da na uku ne. Kuma a nan ne wanda ya saba da ƙwallon ƙafa yake buƙatar a ɗan yi masa bayani, saboda abin ba ɗaya ba ne.

A tamaula kana iya samun 11 masu kyau da ɗan canji biyu ko uku ka ci kofi, Leicester ta yi a 2016. A zari-ruga wannan ba ya yiwuwa. Mutum 15 ne a fili, 8 a benci, kuma kusan duk takwas ɗin nan sai sun shiga, ba don ado ba, don jiki ba ya ɗauka. Ƙaton da ke gaba a turereniyar nan da ake yi a duƙe, 'yan gaba takwas-takwas a haɗa kafaɗa, wanda ake kira sikiram, mutum ne mai kilo 120 ko fiye, yana ture irinsa, yana ɗaga abokinsa sama a jifan gefe, yana karo sau goma sha a wasa, zuwa minti 50 ko 55 ya gama aiki dole a cire shi. Wanda zai shigo a madadinsa in bai kai shi ba, to daga nan sikiram ya fara ja da baya, alƙali ya fara busa fanareti, a buga ƙwallo zuwa kusurwarku, a turo ku har cikin gida. Ga rauni kuma, wasa ne na karo, a kowane lokaci a cikin sizin akwai wasu daga cikin manyanka da ke jinya, kafaɗa ce, gwiwa ce, ko buguwar kai wadda doka ta ce dole mutum ya huta. Ke nan ƙasar da take so ta yi gogayya tana buƙatar mutum uku a kowane gurbi, wajen mutum 45 ke nan waɗanda za a iya jefawa gaban Faransa ba tare da an rufe ido ba.

Afirka ta Kudu ce ta mayar da wannan makami. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023 da suka ci Niyuzilan 12 da 11, cikin takwas ɗin benci bakwai 'yan gaba ne, wato bayan an dawo hutu sai su sauke kusan duk ƙartinsu su ɗora sababbi fil waɗanda a wata ƙasar su ne za su fara. Kai kana haki su yanzu suka karya kumallo.

Yanzu ku duba yadda Wales take faɗuwa za ku ga hoton. Da Faransa a Cardiff a Maris 2024 suna gaba 24 da 20 har an wuce awa ɗaya ana wasa, Faransa ta kwaso bencinta, aka tashi 45 da 24. Da Ayalan ɗin da na faɗa suna gaba, aka ƙwace. Da Japan a Kitakyushu sun tafi hutun rabin lokaci da 19 da 7, ba su ƙara ko maki ɗaya ba, aka tashi 24 da 19, ko da yake ranar zafi ma ya taimaka. Da Niyuzilan a Nuwamba 2025 sun riƙe wuta har bayan hutu tazarar maki uku ce, daga baya aka ɓalle. Wannan ba alamar mutanen da ba su iya wasa ba ce, alamar mutanen da man tankinsu bai kai tasha ba ne.

Kuma ƙarancin ba daidai yake a ko'ina ba, abin dariya ma. Lamba 7, wato mai farautar ƙwallo a ƙasa, Wales kamar gonarsu suke, Sam Warburton ya tafi ga Justin Tipuric, ya tafi ga Jac Morgan ga Tommy Reffell, har ana rasa inda za a sa su. Amma lamba 3, ginshiƙin dama na sikiram, tun da Tomas Francis ya koma Faransa bayan kofin duniya ake ta gwaji, yau wannan gobe wancan. Lamba 10 wanda shi ne direban tim, ƙasar da a da ake mata kirari da masana'antar lamba 10, ƙasar Barry John da Phil Bennett, tun da Dan Biggar ya ajiye an gwada Sam Costelow, an gwada Ioan Lloyd, Ben Thomas, Anscombe, a 2025 aka koma kan Dan Edwards. Manyan ƙarti masu ɗaukar ƙwallo su fasa bango kuwa, har yau in Taulupe Faletau yana da lafiya shi ake nema, mutumin da aka haifa a 1990.

To ina mutanen suka tafi? Abu na farko, tsofaffin sun watse kusan lokaci ɗaya. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, daga tsakiyar 2023, Alun Wyn Jones wanda ya buga wa Wales wasa 158 ya ajiye, Tipuric ya ajiye, Rhys Webb, Biggar, Leigh Halfpenny, George North, Ken Owens, duk suka tafi. Rees-Zammit kuma ana gab da sanar da tawagar 2024 ya ce shi ya tafi Amurka gwada ƙwallon NFL, sai a 2025 ya dawo. Haka aka wayi gari kyaftin ɗin ƙasa Dafydd Jenkins ne, yaro ɗan shekara 21. Amma ritaya ba hatsarin mota ba ce, kowa ya san ranar za ta zo, shekarun mutanen nan a rubuce suke. Tambayar ita ce me ya sa lokacin da suke kan ganiya ba a tanadi na bayansu ba.

Amsar da ni na gamsu da ita, nasarar ce ta rufe ɓarakar. Tsarar su Warburton da Halfpenny da Jonathan Davies da North da Faletau sun fito kusan tare, sun riƙe rigunan nan shekara goma ko fiye, suna cin kofi, filin Cardiff yana cika, kuɗi yana shigowa, to wa zai ce akwai matsala? A 2013 da tawagar Lions, wadda ake haɗa gwanayen Ingila da Ayalan da Sikotilan da Wales, ta je Ostireliya, 'yan Wales 15 ne a ciki, a wasan ƙarshe 10 daga cikin 15 da suka fara nasu ne. A 2025 da aka koma Ostireliyar mutum biyu aka ɗauka, Morgan da Tomos Williams, shi ma Williams ya ji rauni tun a farkon tafiyar ya dawo gida. Alhali duk tsawon shekarun daɗin nan kulob-kulob ɗin da ke ƙasa, inda ya kamata a ce ana dafa na gobe, suna ta ramewa.

A nan gida na uku suke shigowa, masu cewa ku bar koci ku bar yara, hukumar zari-ruga ta Wales, wato WRU, ce ta kashe wasan. Dole a ɗan koma baya. A 2003 aka rushe tsarin manyan kulob tara aka mayar da su yankuna biyar, shekara ɗaya ɗaya ya mutu, wato Celtic Warriors, saura huɗu: Cardiff, Dragons a Newport, Ospreys a Swansea, Scarlets a Llanelli. Tun ranar akwai waɗanda ba su yafe ba, musamman mutanen kwaruruka irin Pontypridd da aka ce su koma goyon bayan Cardiff, abokan gabarsu na kaka da kakanni, ka ƙaddara a ce wa ɗan Kano Pillars daga yau an haɗe ku da wasu ka je can ka yi ta tafi. Duk da haka da farko abin ya ɗan yi aiki, Ospreys ta ci lig sau huɗu, Scarlets ta ci a 2017. Daga nan shiru.

Tsakanin hukumar da yankunan nan kuwa rigima ce ba ta ƙarewa, kullum a kan kuɗi. Lokacin korona hukumar ta ciyo bashin fam miliyan 18 amma yankunan aka ɗora wa biya. A Fabrairu 2023 'yan wasan ƙasa sun kusa yajin aiki ana saura kwanaki su kara da Ingila, saboda da yawa kwantiraginsu na ƙarewa kuma ba wanda ya iya ce musu ga matsayinsu, mutum yana da iyali da bashin gida bai san ko yana da aiki bayan wata huɗu ba, a haka ake so ya je ya sa kansa a gaban ƙato. A daidai wannan lokacin shugaban gudanarwar hukumar Steve Phillips ya sauka bayan binciken BBC kan yadda ake wulaƙanta mata a ma'aikatar. Da aka sasanta sai aka yanke kuɗin albashin kowane yanki zuwa fam miliyan 5.2, shekara ta gaba 4.5, alhali a Ingila da ke tsallaken gada iyakar albashi ta kai 6.4 a sizin 2024/25, Faransa kuwa ba a ma magana. Magoya baya kuma suna kallon hukumar ta sa kuɗi a otal a gefen filin wasa, shi ya sa duk lokacin da aka sha kashi sai ka ji an tuno da otal ɗin nan. A Afrilu 2025 Cardiff kanta ta durƙushe, hukumar ce ta karɓe ta.

In ka rage albashi abu biyu ne ke faruwa kuma dukansu suna komawa kan zurfin tawagar ƙasa. Na ɗaya manya su tafi waje. Na biyu, wanda ba a cika magana a kai ba, kulob ya rage yawan 'yan wasa ya kuma daina ɗauko baƙi masu inganci, sai yaro ɗan shekara 20 ya tsinci kansa yana buga wasa duk sati a tim ɗin da ake doka duk sati, babu wani gogagge a gefensa da zai ce masa tsaya nan, kar ka bi can. Wasu na cewa ai gara haka, yara suna samun dama. Dama ce, amma yaron da ya koyi sana'a a shagon da ba a ciniki me ya koya? Ɗan Leinster a Ayalan kafin ya sa rigar ƙasa ya saba cin wasa, ya buga manyan wasannin Turai, ya yi atisaye kullum da waɗanda suka fi shi. Ɗan Dragons ya zo tawagar ƙasa da tarihin shan kashi, a ba shi riga a ce ga Antoine Dupont gwanin Faransa nan, bismillah.

Akwai kuma dokar da suka kafa don tsare 'yan wasa a gida, a 2017 aka ce in kana buga wa kulob na waje ba za a kira ka ba sai ka riga ka buga wa ƙasa wasa 60, a rikicin 2023 aka sauke zuwa 25. Wannan ma musu ne mai zaman kansa. Masu goyon baya suna cewa in aka cire ta kowa zai gudu yankuna su zama kango, masu adawa suna cewa ƙasar da ba ta da mutane ita ce kuma take rufe wa nata ƙofa, kuma ba ka biyan mutum abin kirki ka hana shi fita nema. Ni ina ganin kowa da gaskiyarsa a nan, dokar magani ce ta ciwon da talauci ya kawo, in da kuɗi da ba a buƙace ta ba.

Yara ƙanana ma suna tsallakawa tun kafin a san da su, makarantu da kwalejojin Ingila suna ba su gurbin karatu da horo mai kyau. Rees-Zammit ta Hartpury ya bi ya shiga Gloucester, Jenkins da Christ Tshiunza a Exeter suka girma. Waɗannan an yi sa'a sun dawo sun sa ja. Wanda ya fi yi musu ciwo shi ne Immanuel Feyi-Waboso, kuma wannan namu ne ta wani gefen don iyayensa suna da asali da Najeriya. A Cardiff aka haife shi, a nan ya taso, ya buga wa Wales a matakin matasa, yana son karatun likita bai samu gurbi a jami'ar Cardiff ba sai ya tafi Ingila, daga ƙarshe ya faɗa Exeter, a 2024 ya zaɓi ya buga wa Ingila. Mu da muka ga Bukayo Saka a farar riga mun san irin wannan zafin, bambancin kawai su a garinsu yaron ya tashi.

Shi kansa 73 da nema ɗin nan in ka bincika labarin zurfi ne tsantsa. An sa wasan ne a ranar da take wajen lokacin da dokar duniya ta tilasta wa kulob su saki 'yan wasa, saboda hukumar tana son kuɗin tikiti, to kulob ɗin Ingila da Faransa suka riƙe nasu, Wales ta rasa mutum fiye da goma a tashi ɗaya, ga kyaftin Morgan dama ya goce kafaɗa tun wasan Ajantina. Ita ma Afirka ta Kudu ta rasa wasu nata ai, amma ita da ta juya baya sai ta tarar da wasu zakarun duniya a zaune suna jira. Wales da ta juya, yaran yankuna ta tarar.

To maganar da ta fi zafi a ƙarshen 2025 ita ce ta rage yankunan. A Agusta 2025 hukumar ta fito da shawarar a koma biyu, aka yi mata ca, a Oktoba ta ce to uku, ɗaya a Cardiff, ɗaya gabas, ɗaya yamma, wanda ke nufin tsakanin Ospreys da Scarlets, da dukansu suke yamma, akwai wadda ruwa zai ci. Hujjar masu so ita ce ba mu da 'yan wasan da za su cika tim huɗu masu kyau, gara a tattara su wuri ɗaya a zuba kuɗi, su riƙa gogayya da juna wajen samun riga, ga Sikotilan da tim biyu kawai take, Glasgow da Edinburgh, kuma Glasgow ta ci lig a 2024. Masu ƙi suna cewa ku dubi Ayalan, tim huɗu ne kuma ita ce ta yi ta zama ta ɗaya a duniya, sannan lissafi ne mai sauƙi, tim huɗu na nufin lamba 10 huɗu ne ke fara wasa duk sati, in ka koma uku ka rage ɗaya, ta yaya za ka magance ƙarancin mutane da rage wuraren da ake yin mutane? Suna kuma tuna wa mutane cewa Sikotilan ɗin da ake misali da ita ta cika tawagarta da haifaffun Afirka ta Kudu da Ostireliya irin su Duhan van der Merwe da Sione Tuipulotu, kuma tun da aka fara Ƙasashe Shida a 2000 ba ta taɓa ɗaukar kofin ba.

Ni a nawa ganin, adadin ba shi ne asalin zancen ba, an maƙale a kansa ne don shi ne abin da ake iya ƙirgawa da yatsu. Uku masu kuɗi sun fi huɗu masu yunwa, wannan haka ne, amma uku masu yunwa sun fi huɗu masu yunwa muni, kuma abin da ya sa mutane ba su yarda ba shi ne waɗanda za su yi rabon su ne dai waɗanda aka gani jiya. Sannan ko an yi daidai ɗari bisa ɗari, lamba 3 ba a yin sa a shekara biyu, irin waɗannan sai sun kai 27 ko 28 suke nuna, wanda zai riƙe sikiram ɗin Wales a 2035 yanzu haka yana sakandare ko ya gama kwanan nan, abin da za a yi masa a akademi da abin da zai ci da wanda zai koya masa shi ne maganar, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kuwa ba ya kawo tafi a taron manema labarai.

Masu cewa ai Wales ƙaramar ƙasa ce, mutum miliyan uku da 'yan kai, dole wata rana a dawo ƙasa, suna da ɗan abin kamawa amma kar su cika baki. Fiji ba ta kai miliyan ɗaya ba ta zo Cardiff ta ci su 24 da 19 a 2024. Abin da na fi yarda da shi shi ne yaran yanzu suna da zaɓi, sun taso sun ga Gareth Bale ya kai ƙasar wasan kusa da ƙarshe a Euro 2016, sun ga an je kofin duniya a Qatar, ga kulob ɗin tamaula na Wrexham ana ta yayinsa, uwa kuma tana jin labarin tsofaffin 'yan zari-ruga da ke fama da ciwon mantuwa saboda buguwar kai, to wace ƙwallo za ta saya wa ɗanta?

An raba rukunin kofin duniya na 2027, Wales ta faɗa tare da Ingila da Tonga da Zimbabwe, kuma wancan bugun na Jarrod Evans a kan Japan shi ya tsare su cikin 12 na farko a jadawalin duniya har suka samu rukuni mai ɗan sauƙi haka. Kafin 2025 ta ƙare kuma sai ga sanarwa, Jac Morgan da Dewi Lake, kyaftin da mai riƙe masa in ba ya nan, dukansu 'yan Ospreys, sun sa hannu su koma Gloucester ta Ingila a sizin 2026/27. Duka biyun ba wanda dokar wasa 25 za ta hana shi sa rigar ƙasa a ƙa'ida in an cika sharuɗɗa, amma duk wasan da aka sake sawa a wajen lokacin doka, babu su.